Guzurin Matafiya a Ilimin Ƙarfen Kariya

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, duk abin da aka tsayar a kan ƙafa biyu alhali ba shi da rai, faɗuwa kawai yake jira. Masana sun daɗe da gama magana a kan wannan. Tun a 1687 Isaac Newton ya fitar da littafinsa na dokokin motsi da yadda ƙasa ke jan abin da ke samanta, kuma duk da bai taɓa ganin babur ba, har yau ba a samu babur ɗin da ya saɓa masa ba. Abin da aka bar wa ɗan Adam shi ne zaɓen ɓangaren da zai fara isa ƙasa. Talaka yakan miƙa gwiwarsa. Mai hali kuwa sai ya sayi bututun ƙarfe da aka lanƙwasa a Jamus, ya ɗaura wa babur ɗinsa a haƙarƙari, domin bututun ya riga kowa sauka. Wannan shi ne ƙarfen kariya, kuma ɗaura shi da kwance shi fanni ne mai zaman kansa, mai sharuɗɗa da ƙa'idoji da saɓanin masana.

Babi na farko: Babur ɗin da ake nufi, da rabe-raben faɗuwarsa

Ba kowane babur ne ya shiga wannan bahasi ba. Muna nufin manyan baburan nan na keta daji, masu dogayen ƙafafu da ƙaton tanki, waɗanda aka ƙera domin mutum ya sauka daga kwalta ya nufi inda babu mai kama masa. Salsalarsu a rubuce take. Ranar 26 ga Disamba 1978 wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya tayar da ayarin motoci da babura masu gasa daga Paris zuwa Dakar, suka keto Aljeriya, suka biyo ta Agadas da Yamai. A 1980 BMW ta fito da R 80 G/S, Hubert Auriol ya lashe gasar a kan BMW a 1981 da 1983. Yamaha ta raɗa wa nata babur sunan hamadar Tenere a 1983, Honda ta biyo baya da Africa Twin a 1988. Gasar ta daɗe da barin Afirka, tun 2020 ma a Saudiyya ake yin ta, amma sunayen suna nan manne a jikin tankuna. Shi ya sa za ka samu ma'aikacin banki a Munich yana hawa Ténéré kowace safiya zuwa ofis, bai kuwa taɓa sanin ƙishirwar da ta wuce ta minti goma ba.

To, ga inda matsalar take. BMW R 1250 GS Adventure, idan an cika tankinsa mai cin lita 30, nauyinsa kilo 268 ne. Ya ninka Bajaj Boxer na 'yan acaɓa sau biyu har da ɗoriya ke nan, tun kafin a ɗora akwatuna da tanti da tukunyar shayi. Daga ƙasa zuwa sirdinsa santimita 89 ne, in an sauke sirdin. Ténéré 700 da ake yi wa kallon marar nauyi, shi ma ya haura kilo 200. Duk wanda ba a yi wa baiwar tsawo ba, da kan yatsu yake gaisawa da ƙasa.

Masana sun kasa faɗuwar irin wannan babur gida uku. Akwai faɗuwar gudu, wadda ba huruminmu ba ce, ta likitoci ce. Akwai faɗuwar rairayi da taɓo, wadda mai ita kan ba da labarinta da alfahari. Sai faɗuwar tsaye, ita ce uwa, ita ce kuma ba a ba da labarinta. Siffarta ita ce mutum ya iso gidan mai, ko ƙofar gidan surukai, ya taka birki lafiya, ya sauke ƙafa, sai ƙafar ta tarar wurin ya ɗan yi kwari. Babur ya karkata. Akwai wani mizani na karkata wanda in an wuce shi babu sauran shawara, amma ba a taɓa samun mahayin da ya yarda an wuce shi ba. Sai ya yi ta riƙo, jijiyoyin wuya a miƙe, yana sauke kilo 268 cikin ladabi har ƙasa. Daga rassanta akwai ta wanda ya sauka bai buɗe ƙafar jingina ba, da ta wanda ya buɗe ta a kan yashi, da ta wanda ya tayar ya manta da kwaɗon da ya sa a faifan birki. Sharaɗin ingancinta shi ne shaidu. Dole sai akwai yara, da mai shayi, da wani dattijo da zai ce, "Sannu Alhaji, Allah ya tsare gaba. Ai da ƙarami ka saya."

Idan mai jayayya ya ce, ni tafiyata cikin hamada ce, fili fetal, babu abin da zan buga, sai mu ce masa: a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma an yi wata itaciyar ƙaya guda ɗaya tilo, wadda ake cewa sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin a ga wata. A 1973 wani direban babbar mota ya same ta, ya kuma buge ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, a gurbinta an kafa ta ƙarfe. Wannan hujja ta wadatar, ba a buƙatar ta biyu.

Babi na biyu: Wa ƙarfen yake karewa

Jama'a da yawa na zaton ƙafar mahayi yake karewa. Zato ne mai kyau, sai dai an bincika. A 1981 Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da rahoto a kan haɗurran babur 900 da aka bi diddiginsu a yankin Los Angeles, ya gano cewa raunin da ƙarfen ya rage a idon sawu da tafin ƙafa, yakan dawo a ƙwauri da gwiwa da cinya. Wato ciwon ƙaura yake yi zuwa sama. Baburan wancan zamani ba irin na yau ba ne, amma har gobe mai son ƙafarsa takalmi mai tauri zai saya. Ƙarfen kariya na babur ne, kai rakiya ka yi.

Abin da yake tsarewa ya danganta da ƙirar inji. Tun daga R 32 na 1923 BMW ke kwantar da silinda biyu, ɗaya ta leƙo dama ɗaya hagu, saboda haka in babur ya kwanta murfin bawul ne ke fara cin ƙasa. Murfin ba shi da kauri. Dutse ya huda shi, baƙin mai ya tsiyaye, tafiya ta ƙare a nan. A baburan da ke sanyaya inji da ruwa kuwa, abin tsoro lagireto ne da famfon ruwa da robobin gefe, waɗanda kan sa mutum ya nemi kujera kafin a gama faɗa masa kuɗinsu. Don haka aka yi ƙarfen hawa biyu, na ƙasa domin inji, na sama domin tanki da lagireto. Touratech da SW-Motech da Hepco & Becker a Jamus, da Givi a Italiya, suna lanƙwasa su daga bututu mai faɗin wajen milimita 22 zuwa 27.

A nan masana suka rabu biyu. Ɓangare na farko suka ce ɗaura shi wajibi ne tun kafin babur ya bar shago. Na biyu suka ce ƙarfin bugu bashi ne, sai wani ya biya: ƙarfen ya karɓa ya miƙa wa noti, noti ya miƙa wa shasi ko jikin inji, sai ka tsira da robar da ake sayarwa a shago, ka tsage kunnen inji wanda ba a sayar da shi shi kaɗai. Suka ƙara da cewa ƙarfen yana da nauyinsa, wani sashe a can sama, kuma da zarar an ɗaura shi sai mai shi ya ga ai maratayi ya samu: fitila biyu, jaka biyu, gorar ruwa. Nauyi ya hau sama, babur ya ƙara son kwanciya, ya kwanta, ƙarfen ya tare, mai shi ya tashi yana kaɗe riga yana cewa, "Kun gani ko? Da ban sa ba fa?" Da wuya ka samu kayan aikin da ke nemo wa kansa hujja haka.

Ra'ayin da ya fi rinjaye a wurinmu shi ne na ƙasa dole ne ga duk mai sauka daga kwalta ko mai gajeriyar ƙafa, na sama kuwa a bar mutum da aljihunsa. Sai dai ɓangarorin biyu sun haɗu a kan ƙa'ida guda: ƙarfen kariya nagari shi ne wanda ya fi shasi rauni, domin aikinsa ya lanƙwashe wani ya tsira. Shi ya sa muke jan kunnen mai zuwa wurin mai walda da bututun famfo mai kauri yana cewa a yi masa wanda ko tirela ba za ta lanƙwasa ba. Za a yi masa, masu waldarmu ba su gaza ba. Ranar faɗuwa ƙarfen zai fito lafiya lau, a ajiye shi a gefe a jira sabon babur ɗin da za a ɗaura wa shi. Wanda kuwa ya yarda aka liƙe ƙarfen da walda a jikin shasi, babin kwancewa bai shafe shi ba, yana iya tsallakewa.

Babi na uku: Sharuɗɗa

Ba a fafe gora ranar tafiya, ba a kuma ɗaura ƙarfe daren tafiya. In takardar kamfani ta ce aikin awa ɗaya ne, wannan lissafin wanda ya ƙera ƙarfen ne, a kan babur ɗin da bai taɓa faɗuwa ba, a ɗakin da babu mai sallama.

A bar inji ya huce sarai. A kafe babur a ƙafarsa ta tsakiya, a kan daɓe mai tauri. A zazzage kwalin a tabarma, a ƙirga notuna da washa da zobban tazara, a gwada da hoton da ke takarda. Dama da hagu daga mazaunin mahayi ake ƙidaya su, yana kallon gaba, ba daga inda kake tsugune kana kallon fitila ba. Rashin sanin wannan ya cinye wa bayin Allah yammaci da yawa. A tanadi soket da alanki da makullan kan tauraro, domin BMW ta fi son notin Torx mai tsini shida, wanda alanki kan shiga cikinsa ya yi kamar ya zauna, sannan ya murje shi. Sai ƙaramin jak da guntun katako, da gam ɗin noti, da sifana mai awo. A naɗe tsumma a inda bututu zai iya gogar fenti, a ɗauki hoton kowane noti da waya kafin a taɓa shi.

Sharaɗi na ƙarshe, mataimaki guda ɗaya. In suka kai uku sun zama majalisar shawara.

Babi na huɗu: Ɗaurawa

Yawancin ƙarafan nan ba su da wurin kamu na kansu, aron notunan da ke riƙe inji a jikin shasi suke yi. A zare na asali, a kawo wanda ya fi shi tsawo daga kwali, ya ratsa kunnen ƙarfen ya koma ramin da na farko ya fito. Ma'ana, a daidai lokacin da notin ke hannunka, injin yana rataye ne da sauran 'yan'uwansa. Shi ya sa ake tokare shi da jak, katako a tsakani, a ɗaga har jak ya karɓi nauyi kawai, ba har babur ya tashi ba. Kuma sai noti ya koma ramin dama kafin a zare na hagu. Wanda ya zare biyun tare, inji zai sauka ɗan abin da ido ba ya gani, amma ramuka sun daina kallon juna, zai kuwa ƙarasa yininsa yana leƙen rami da tocila.

Zobban tazara su ke cike giɓin da ke tsakanin kunnen ƙarfe da jikin inji, kowanne da tsawonsa. A sa gajere a wurin dogo, ƙarfen ya danne roba ko tiyon ruwa. A sa dogo a wurin gajere, noti ya kama da haƙora uku kacal, ya yi lamo har ranar da za a buƙace shi. Ƙa'idar makanikai ita ce notin da zai shiga alminiyam ya nutse ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na kaurinsa.

Yanzu ga ginshiƙin fannin, wanda in ɗalibi ya riƙe shi ya manta sauran ba a yi asara ba: kada a ɗaure noti ko ɗaya sai duk sun shiga. Kowanne a fara shi da yatsu, ya yi zagaye uku ko huɗu cikin sauƙi, a bar shi sako-sako, a wuce na gaba. Duk wanda ya taɓa ganin haɗa gadon amarya ya san wannan: kafintan da ya ɗaure kusurwar farko tam, a kusurwa ta huɗu zai nemi guduma, 'yan jere suna kallonsa. Dalili kuwa, zafin walda kan ɗan ja bututu a masana'anta, babur ɗin ma da nasa ɗan bambancin, saboda haka sai an bar kowane noti da ɗan wasa kafin ramuka su sasanta.

Duk da haka akwai ramin ƙarshe. Ramin ƙarshe ba ya daidaita, kuma wannan ba laifin kamfani ba ne, ɗabi'ar ramin ƙarshe ce. Zai tsaya saura milimita uku. Masana sun yi saɓani a kan yadda ake shawo kansa. Masu sassauci suka ce a koma a ƙara sassauta sauran, a ɗan motsa jak sama ko ƙasa, a girgiza ƙarfen, sau da yawa sai ya faɗa da kansa. Matsakaita suka yarda a zura sukundireba a jawo ramin, ko a ɗaura igiyar ɗaure kaya a ja bututun a hankali. Masu tsanani suka ce guduma. Ba ma tare da su, amma mun san su suka fi yawa.

Abin da kowa ya hana shi ne a cusa noti a karkace a bi shi da sifana. Notin ƙarfe ne, ramin kuwa sau da yawa alminiyam, kuma in suka yi gardama alminiyam ne ke ba da haƙuri, ya zubar da haƙoransa. Alamar ita ce noti ya yi tauri tun zagaye na biyu. Mai ilimi yakan tsaya a nan ya warware. Jahili yakan ce ai sabo ne shi ya sa, ya ƙara ƙarfi, notin ya yi tauri, ya yi tauri, sai kuma ya yi laushi farat ɗaya yana juyawa ba iyaka. Babu laushin da ya kai wannan tsada. Maganinsa a faɗaɗa ramin da injin huda, a yanka sababbin haƙora, a zura wayar Helicoil, duk a jikin injin da ya wayi gari lafiyarsa ƙalau. Garin gyaran gira ke nan. A ganinmu, baburan da sifana ta raunata ranar ɗaura musu kariya ba su gaza waɗanda ƙasa ta raunata ba.

In duk sun shiga, sai a zaro su ɗaya bayan ɗaya a ɗiga musu gam a mayar, domin kaɗawar inji tana kwance noti. Shuɗi, irin Loctite 243, yana riƙewa amma yana saki in an zo da sifana. Ja, irin 271, ba ya saki sai an gasa shi zuwa wajen digiri 250. Mai sa ja a ƙarfen kariya yana zaluntar wani bawan Allah ne da bai sani ba, wato shi kansa bayan shekara biyu.

Sai awo. Da newton-mita ake auna ɗaurin noti, ga malamin namu Newton ya sake leƙowa. In ka rataya kilo 10 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 25, ka ba noti kimanin 25. A cikin notuna masu lambar 8.8 a kai, mai kaurin milimita 6 yakan so wajen 10, mai 8 wajen 25, mai 10 wajen 50. Notin inji kuwa adadinsa a littafin babur yake, ba a ƙwaƙwalwar kowa ba. To, a auna wannan da abin da ke faruwa in aka zura bututu mai tsawon mita guda a sifana aka ce wa yaron gareji mai kilo 60 ya hau: kusan 590 ke nan, a kan notin da ya roƙi 25. Sifana mai awo tana yin ƙas in an kai adadi, ma'anar ƙarar kuwa a tsaya. Akwai masu fassara ta da saura kaɗan. Babu maganar da ta karya notuna kamar ta mai babur da ke tsaye a kan makaniki yana cewa, "Malam, ɗan ƙara." Tanbihi: adadin busasshen noti ne, in an shafa giris, santsi zai sa ɗaurin ya zarce ƙima.

Bayan nan a sauke jak. A juya kan babur dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, a ga ba ya taɓa ƙarfen, ba ya matse waya. A duba tazarar bututu da roba da salansa, domin abin da ya kusa taɓawa a tsaye zai taɓa a tafe. In an yi kilomita 50 na farko a sake bin notunan a duba.

Mas'ala: an gama, an wanke hannu, sai ga washa guda a tabarma. Shin aikin ya inganta? Wasu suka ce kamfani kan saka rara. Wasu suka ce Bajamushe ba ya rara. Abin da aka fi aiki da shi shi ne a jefa ta aljihu kafin mataimaki ya gani. Abin da yake daidai shi ne a koma ga hoton takarda a bi noti-noti har a samu marayan.

Babi na biyar: Gwaji

Ba a gwada ƙarfen kariya. Shi zai zaɓi ranar, shi zai gayyato jama'a.

Babi na shida: Kwancewa

Ɗalibi zai tambaya, abin da aka sha wannan wahala aka ɗaura, me zai sa a kwance? Na farko gyara. Tsofaffin R 1200 GS masu sanyaya da iska da mai ana duba bawul ɗinsu duk kilomita 10,000, masu ruwa da suka fito daga 2013 duk 20,000, kuma akwai ƙarafan da ke tsare murfin bawul tsaron da har makaniki ba ya kai gare shi. Mai saye ya tambayi wannan kafin ya biya. Na biyu, ƙarfen ya yi aikinsa ya lanƙwashe. Na uku, sayarwa. Akwai kuma wanda ya wayi gari ya gane shekara da shekaru bututu kawai yake kaiwa ofis yana dawo da shi.

Takardun kamfani kan ce a bi matakan ɗaurawa daga ƙarshe zuwa farko. Sun manta ƙarfen da ya taɓa faɗuwa yana riƙe da fushi. Ya lanƙwashe, notuna sun hana shi zuwa inda yake so, yana nan a ɗame. Wanda ya zare notuna ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, duk ƙarfin zai taru a kan na ƙarshen, ya fito yana cin haƙoran raminsa, sannan bututun ya yi tsalle ya nemi tanki ko haɓar mai aikin. Don haka a mayar da jak, a sassauta kowanne zagaye ɗaya ko biyu, a raba mahaɗar da ta haɗa dama da hagu, ƙarfen ya huce, sannan a zare.

Noti marar tsatsa da ya daɗe cikin alminiyam ruwa na shiga, musamman mai gishiri irin wanda ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi, yakan ƙulla zumuncin da ba a so: alminiyam ya yi farin gari ya riƙe shi gam. Babur ɗin da aka sayo na hannu daga can yakan zo da wannan tsaraba. A fesa man warware tsatsa a ba shi dare guda. A share ƙasar da ta cika kan notin domin makulli ya zauna har gindi, sannan a ja a natse. In ya motsa, a yi gaba kaɗan baya kaɗan. In an ga alamar jan gam sai zafi, a kuma tuna akwai lita 30 na fetur a saman kai. Na'urar hura iska mai zafi ta fi wutar walda hankali. In kan notin ya guntule ya bar gindinsa a ciki, an fita daga wannan fanni an shiga wani, mai babur ya sha ruwa ya zauna tukuna.

Ƙarfen da ya ɗan karkata ana iya miƙar da shi, amma a ƙasa, domin mai jan sa a jikin babur da kunnen inji yake kokawa. Wanda ya tsage a walda ko ya lotse ya gama aiki. Ƙwarzane a goge a shafa fenti kada tsatsa ta shiga, sai dai in mai shi yana buƙatarsa domin zaman majalisa, inda tabon gidan mai kan zama labarin duwatsun Azbin.

Mai kwancewa domin ya sayar a ce babur bai taɓa faɗuwa ba, ya sani mai saye ma ya yi karatu. Zai duba ƙarshen hannu da kan libar kuloci, sannan ya tsuguna ya ga shatin da washa ta bari a fenti, ya ce, "Ina ƙarfen da ke nan?" Amsar da aka fi bayarwa ita ce "Ai haka na saye shi," kuma ba a taɓa jin ta ƙara ko sisi a farashi ba.

Saura mas'ala mafi girma, wadda aka jinkirta ta da gangan domin a nan take cizo. Notunan da suka zo cikin kwali sun fi na asali tsawo, gwargwadon kaurin kunnen ƙarfe da zoben tazara. In ƙarfen ya sauka, tsawon nan ya zama rara. A mayar da dogon noti a ramin da ba ya ɓullewa, sai ya tokari gindin ramin kafin kansa ya kama komai. Sifana mai awo za ta yi ƙas ɗinta, inji kuwa bai ɗauru ba, in aka matsa kuma jikinsa ya tsage daga ciki. A bar ramin babu noti, an rage wa inji mariƙi, alhali a yawancin baburan nan injin yana cikin abin da ke ba shasi ƙarfi. Saboda haka dole na asali su koma, kowanne a raminsa, da awon littafi, in kuma littafin ya ce notin sau ɗaya ake amfani da shi, a sa sabo.

To, ina na asalin suke? Abin da aka sani shi ne ranar ɗaurawa an zuba su a gwangwanin madara aka ce za a adana, gwangwanin ya koma bayan ƙofa, yara suka ɗauki biyu, aka ɗaure ƙafar janareto da ɗaya. Mai karanta wannan kafin ya fara aiki, ya sa su a leda, ya rubuta dama da hagu da ramin kowanne, ya ajiye tare da takardun babur. Mai karantawa kuwa ƙarfe na ƙasa inji na kan jak, ya kwafi lambar shasi ya aika wa dilan kamfanin a yi masa odar sababbi, kada ya karɓi na kasuwa marar lamba a kai don kawai ya shiga ramin. Kafin su iso jak ɗin ya zauna inda yake, kuma ko wa ya zo aro a ce masa ana amfani da shi.